Rikicin bankuna na 2009: yadda haɗamar shugabanni ta bar wa ƙasa bashi

A ranar 14 ga Agusta, 2009, Gwamnan Babban Bankin Najeriya, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a lokaci guda: Intercontinental, Oceanic, Union, Afribank da FinBank. Wata biyu kacal ke nan da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya naɗa shi. Babban Bankin ya zuba musu naira biliyan 420, sannan a Oktoba ya sauke shugabannin Bank PHB da Spring da Equitorial Trust, kuɗin ceton ya kai biliyan 620.

Tushen matsalar yana cikin haɗewar bankuna ta 2004 zuwa 2005, lokacin da Farfesa Charles Soludo ya ɗaga jarin kowane banki zuwa naira biliyan 25. Bankuna 89 suka koma 25. Bank of the North mai hedikwata a Kano ma ya narke cikin Unity Bank. Bankunan da suka rage suka yi ta sayar da hannun jari, 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati har a Katsina da Kano suka saya da ɗan abin da suka tara.

A nan ne batun ladan shugabanni ya shigo. Muddin garaɓasar shugaban banki da darajar hannun jarinsa suna rataye ne a kan ribar da aka bayyana a ƙarshen shekara, to yana da dalilin kumbura ribar da ɓoye bashin da ya lalace. Wasu bankunan sun riƙa ba da rance a sayi hannun jarinsu na kansu, farashi ya yi ta hawa ba tare da wata sana'a a ƙarƙashinsa ba. Wasu kuma sun miƙa manyan basussuka ga kamfanonin da ke da alaƙa da shugabanninsu, ba jingina mai ƙwari. Da kasuwar hannun jari ta fara rugujewa bayan Maris 2008, farashin mai kuma ya faɗi, sai asiri ya tonu. (Amurka ma ba ta tsira ba: kamfanin inshora na AIG ya raba wa ma'aikatansa garaɓasar dala miliyan 165 a 2009, bayan gwamnati ta cece shi da kuɗin jama'a.)

A Oktoban 2010 Cecilia Ibru ta Oceanic ta amsa laifi, aka yanke mata ɗaurin wata shida, ta kuma sallama kadarori na kimanin naira biliyan 190. Francis Atuche na Bank PHB kuwa sai a 2021 kotu ta same shi da laifi, jinkirin da ya rage wa hukuncin kaifi.

Masu ajiya ba su rasa kuɗinsu ba, amma ƙananan masu hannun jari sun kwana ciki, musamman a 2011 da aka karɓe Afribank da Spring da Bank PHB aka sauya musu suna. Dubban ma'aikata sun rasa aiki, rance kuma ya yi wa ƙaramin ɗan kasuwa wuya. An kafa hukumar AMCON a 2010 don sayen basussukan da suka lalace, ta ɗauki nauyin tiriliyoyin naira, bankuna kuma suna biyan ta wani kaso na kadarorinsu kowace shekara, kuɗin da a ƙarshe kan abokin hulɗa yake sauka. A shekarar ce kuma Babban Bankin ya taƙaita wa'adin shugaban banki zuwa shekara goma.