Kunne Ne Alƙalin Waƙa: Gādon Imam Umaru a Arewacin Gana

Kafin Tamale ta bunƙasa, Salaga ce babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, inda fataken Hausa suke sauke kaya. A cikin waɗanda suka zauna can akwai Imam Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 kasuwa ta watse, shi kuwa daga baya ya koma Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934. A 1907 Turawan Ingila suka mai da Tamale hedkwatar arewa, zangon Hausawa ya cika, ana karatu da rera waƙoƙi irin na malaman Salaga.

Imam Umaru ya rubuta waƙoƙi da ajami, kamar Waƙar Talauci da Wadata. Waƙa irin wannan tana tsayawa bisa abu biyu da kunne yake ji. Na fari shi ne amsa-amo, wato sauti guda da yake komowa a ƙarshen kowane baiti, domin mai saurare ya san inda zance ya sauka, ya kuma haddace. Na biyu shi ne kari, wanda aka aro daga Larabci, wato jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi. In aka gajarta dogon wasali guda, sai a ji baitin yana ɗingishi.

A Kete-Krachi ya yi aiki tare da Adam Mischlich, Bajamushe, wanda ya fara zuwa ƙasar a matsayin ɗan mishan na Basel, ya kuma buga ƙamus na Hausa a 1906. Amma sa'ad da rubutun boko ya kafu, an yi wata hasara. Ajami yana nuna tsawon wasali, boko na yau da kullum ba ya nunawa. Garin da ake zama a ciki da garin tuwo rubutunsu ɗaya ne. Haka kuma kuka na hawaye da kuka ta miya, hawa da saukar murya kaɗai suke raba su. Makaɗan Dagomba na Tamale sun san wannan tun tuni, gama gangarsu ta lunga tana kirari ne ta wurin bin muryar kalmomi.

Wannan ya shafi ikkilisiya. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da boko a 1932, waƙoƙin sujada masu yawa kuwa an ɗora su bisa muryoyin Turai, waɗanda sukan ja gajeren wasali, su ɗaga murya inda Hausa take saukarwa. Sai jama'a su rera abin da ba sa ji sosai. Saboda haka mai shirya waƙar yabo ya kamata ya fara karanta kalmominsa da ƙarfi a gaban dattawa, ya ji nauyin kowace gaɓa, kafin ya sa musu murya. Manzo Bulus ya gargaɗi Korintiyawa su raira waƙa da ruhu, da fahimta kuma.