Gululu da Mazari: Tarihin Kaɗi a Ƙasar Maradun

Duk wanda ya yi nazarin tarihin tufafi a ƙasar Hausa zai tarar marubuta sun cika littattafansu da ambaton masaƙa da marina da fatake, waɗanda suka kai baƙin Kano har Tumbutu da Tarabulus, alhali kuwa ƙalilan ne daga cikinsu suka sunkuya suka dubi ɗan dunƙulen yumɓun nan da bai fi goro girma ba, wanda ake kira gululu, wanda in babu shi mazari ba ya juyawa, in kuwa mazari bai juya ba masaƙi ba shi da abin wadari, marini ba shi da abin tsomawa. Baturen Jamus ɗin nan Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cinikin tufafinta a kan wuri miliyan 300 a shekara, kuma babu ko taƙi ɗaya na wannan dukiya da bai fara ratsa yatsun wata mace mai kaɗi ba.

Kaɗin auduga daɗaɗɗen abu ne a Bilad al-Sudan, domin malamin Andalus al-Bakri ya ambaci ƙyallen auduga da ake ciniki da shi a gaɓar kogin Sanagal tun 1068. Amma a wannan sashe namu na Zamfara, wato ƙasar Sarkin Kaya ta Maradun da ta Sarkin Mafara da ta Sarkin Burmi ta Bakura, inda Gulbin Sakkwato yake shayar da fadamu, sana'ar ta ƙara ƙarfi bayan jihadi, musamman a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, daga 1817 zuwa 1837, wanda ya himmatu ga zaunar da jama'a a garuruwa da ribaɗoɗi, ya kuma kwaɗaitar da su ga sana'o'in hannu. Matan kulle suka sami abin neman halal a cikin ɗakunansu, har ya zama galibin abin da uwa take tarawa na kayan ɗakin ɗiyarta daga mazari yake fitowa.

Kafin a kai ga kaɗi, akwai gurza, inda ake murje auduga da magurji a fitar da angurya, sa'an nan a shiɓe ta da baka har ta yi laushi, a naɗe ta sutu-sutu. Wannan duk aikin haƙuri ne, kowace yarinya tana iya koyonsa. Inda hikimar take shi ne wajen zaɓen gululu, kuma zaɓen nan a kan abu biyu yake tsayawa, wato hudarsa da fatar jikinsa.

Mai ginin gululu yana huda shi ne tun yumɓun yana ɗanye, da tsinke mai tsini, kuma sharaɗi ne ramin ya bi ta tsakiyar nauyin, ba tsakiyar da ido yake gani kaɗai ba, domin yumɓu yakan fi cushewa a wani gefe, in kuwa ramin ya kauce ko da kaurin ƙwayar gero ne, to mazari zai riƙa rawa yana gilo, zaren ya fito wani wuri da kauri wani wuri siriri, daga bisani ya tsinke a hannun masaƙi, a ɗora wa mai kaɗi laifin da ba nata ba. Haka kuma ana son bakin ramin ya ɗan fi ƙarshensa faɗi, yadda zai cije itacen mazari ba tare da an yi masa ciko ba. Saboda haka ne tsohuwa a kasuwar Talata ba ta biyan kuɗin gululu sai ta zura shi a mazarinta, ta kafa tsininsa a tafin hannu, ta murza, ta zuba masa ido har ya tsaya da kansa. In ta ga ya karkata sai ta ce, "Wanga rawa yakai, malam, ba ni wancan," ta ajiye shi ko da ya fi sauran ado.

Nauyi ma yana da nasa hukunci. Ƙaramin gululu mara nauyi, wanda yake juyawa da sauri, shi ne na zaren arafiya, domin siririn zare ba ya jure ja, kuma ana kafa tsinin mazarin a kan wani abu mai santsi don kada nauyin ya rataya a kansa. Babba mai faɗi kuwa, wanda yake daɗewa yana juyi a hankali, shi ne na abawa, wadda ake saƙa gwado da luru da ita. Macen da ta san aikinta takan ajiye iri-iri a taskirarta, ba ta haɗa aikin wannan da wancan.

Game da fatar jiki kuma, ana goge gululu da ɗan dutse mai sulɓi kafin a gasa shi, don kada ya riƙa kama gashin auduga, sa'an nan a yi masa zane da fari da ja. Amma saman itacen, inda yatsu suke murzawa, ba a son ya cika santsi, shi ya sa mai kaɗi take dangwalar alli, wanda ake yi da ƙonannen ƙashi, domin yatsa ya kama. Na taɓa mamakin jin cewa a Amurka, masu wasan nan na mirgina ƙwallo mai nauyin da ya kai fam 16 don kayar da sanduna 10, sukan biya gwani ya auna musu inda za a huda ramukan yatsu da irin gugar da za a yi wa bayan ƙwallon, domin waɗannan biyun ne suke hukunta yadda zai juya; ilimin da suke rubutawa a littattafai shi ne iyayenmu mata suka riƙe a yatsunsu, ba don wasa ba, don ci da sutura.

Rushewar sana'ar ba a dare ɗaya ta zo ba. Kamfanin auduga na Ingila, wanda aka kafa a Manchesta a 1902, ya zo neman abin ciyar da masaƙun ƙasarsu, aka shigo da irin Amurka mai suna Allen wajen 1912, jirgin ƙasa ya ratsa Gusau ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, aka kafa injin gurza a Gusau, auduga ta fara tafiya teku a ɗaure. Duk da haka mata ba su saki mazari ba, har ma an sha samun shekarun da masu saye don kaɗin gida suka fi kamfani tsadar farashi. Abin da ya karya su shi ne zaren inji mai araha, bayan buɗe masaƙar Kaduna a 1957 da ta Gusau a shekarun 1960. Sa'an nan madatsar Bakolori, da aka kammala a 1978, ta juya akalar noman yankin zuwa shinkafa da alkama. Masaƙun da suka kashe kaɗi su ma yau sun rufe, kuma wannan hasara biyu ce a ganina, tun da an rasa na hannu, ba a riƙe na inji ba.

Har yanzu akwai tsofaffi a Maradun da Bakura da Mafara da suke da taskira a ƙarƙashin gado. Ina roƙon malaman makarantu da ɗalibanmu masu nazarin tarihi su je su gaishe su, su zauna a gabansu da ladabi, su auna kowane gululu su rubuta nauyinsa da faɗin raminsa da irin zaren da yake bayarwa, su kuma tambayi sunan garin da aka gina shi, tun masu amsa tambayar suna raye.