Daga Ɗori Zuwa Gashin Ƙashi: Matsayin Magani a Ƙasar Zazzau

Ɗori tsohuwar sana'a ce ta gado a garuruwan arewacin Zazzau, irin su Ikara da Maƙarfi da Kudan, inda noma da hawan dabba suka sa karaya da targaɗe ba baƙi ba ne. Maɗori yakan ja ƙashin ya daidaita shi, ya jera karare ko tsinkayen gora, ya ɗaure da tsumma, ya yi tofi. Maganinsa kusan duk na shafawa ne: man shanu, man kaɗanya, sassaƙe da saiwoyin da kowane gida yake ɓoye sirrinsa. Bayan kwance ɗauri sai gashi da ruwan zafi da tausa, har gaɓar ta saki. Babu abin kashe zafi mai ƙarfi a hannunsa, saboda haka ihun mai jinya shi ne ma'auninsa. Inda aka yi ƙara, nan ake sassautawa.

Gashin ƙashi na asibiti ya shigo Nijeriya a 1945, ta asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas, a hannun Turawan Ingila. Asibitin ƙashi na Dala a Kano ya buɗe a 1959, Jami'ar Ibadan kuma ta fara digiri a fannin a 1966. Mutanen arewacin Zazzau sun fi sanin aikin ta Dala da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Cututtukan da suka cika ɗakunan gashi a farko su ne shan inna da kuturta, masu barin gaɓa a shanye ko a ƙandare.

A nan ne allura ta shiga labarin, kuma ba kullum da alheri ba. Mutane sun yi imani allura ta fi ƙwaya, masu yin ta a kemis da kasuwannin ƙauye suka yawaita. Idan aka soka wa yaro mai zazzaɓi allura a ɗuwawu ba a gurbin da ya dace ba, takan taɓa babbar jijiyar da ke sauka ƙafa, sai tafin ƙafar ya riƙa ja da ƙasa. Idan kuwa ƙwayar shan inna tana jikinsa, allurar takan janyo shanyewar ta faɗa wa wannan ƙafar. Iyaye da yawa sun ɗora laifin a kan iska. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka a watan Agustan 2020, amma raunin allura bai ƙare ba.

Ƙwayoyin kashe zafi su ne suka fi sauya sana'ar, ta gida da ta asibiti. Farasitamol da ibuprofen da diclofenac suna ba mai jinya damar lanƙwasa gwiwar da da ba ta taɓuwa, shi ya sa ake so a sha su kamar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin motsa jiki. Sai dai biyun ƙarshe, idan aka daɗe ana sha, suna jawo gyambon ciki su taɓa ƙoda. Mafi muni, sun toshe tsohon ma'aunin maɗori: ɗauri ya matse, jini ya daina gudu, ƙwaya irin tramadol ta danne zafin, ba a farga ba sai yatsu sun yi baƙi, a ƙare da yanke hannu. Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, tramadol kuwa har yanzu yana zagaye tsakanin 'yan ƙwadago a gonakin rake.

Yau shanyewar ɓarin jiki ce ta maye gurbin shan inna, sakamakon hawan jini da ciwon sukari. Likitan gashin ƙashi kan fara da tambayar abin da mara lafiya yake sha. Maganin hawan jini yakan sa jiri idan aka miƙe farat ɗaya. Insulin tare da atisaye ba a ci abinci ba yana faɗar da sukari. Baclofen yana sassauta ƙandarewar tsoka, amma idan ya yi yawa ƙafar da ake dogara da ita sai ta yi laushi. Tambayar takan haɗa da jiƙo da ƙwayoyin haɗi na kemis, domin sau da yawa akwai prednisolone a ciki, wanda yawan shansa ke rage ƙwarin ƙashi.