Daga Jeren Ɗaki Zuwa Gidan Tarihi: Tsakanin Katsina da Maraɗi

 

Yau za mu ɗan ajiye zancen girki da renon yara, mu leƙa tarihi. Kun san idan mata suka taru a gidan biki ko gidan suna, da wuya a tashi ba a yi zancen abin da ya burge ido ba, ko zanen atamfa, ko lallen amarya, ko jeren ɗakinta. To wannan idon da muke tantance kyau da shi, shi ne dai ake buƙata idan an shiga gidan tarihi. Abin da nake so mu duba shi ne, kayan tarihin Katsinawa sun rabu gida uku. Wasu suna Nijeriya, wasu suna Nijar, wasu kuma suna hannunmu mu mata, a ƙarƙashin gado da bayan kabad. Wannan kaso na uku kuwa shi ne ya fi saurin salwanta.

Bari mu fara daga kan iyaka. Duk wadda ta taɓa bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta san Magamar Jibiya, inda ake tsayawa wurin 'yan kwastan da jami'an shige da fice, kafin a tsallaka zuwa Ɗan Isa. Da an tsallaka sai kuɗi su koma sefa, allunan hanya su koma Faransanci. Amma Hausar ita ce dai, tuwon shi ne dai, kuma da wuya ki sami gida a Jibiya da ba shi da dangi a can ƙetare.

Dalilin haka yana cikin tarihi. A shekarar 1807, lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki. Tsohon gidan sarauta ya yi arewa, ya zauna a ƙasar Damagaram na ɗan lokaci, sannan wajen 1819 Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi. Shi ya sa har gobe ake ce wa sarkin can Sarkin Katsinan Maraɗi. Sun tafi da sarautunsu da tambarinsu da al'adunsu, ciki har da sarautar Iya, wadda mace ce daga gidan sarauta, kuma ita ce shugabar matan ƙasa. Bayan kusan shekara ɗari sai Turawan Ingila da na Faransa suka zauna suka raba ƙasar a takarda, a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Tsakanin 1906 da 1908 wakilansu suka bi daji suna kafa alamomin iyaka. Ta haka Jibiya ta faɗo ɓangaren Ingila, Maraɗi ta faɗa ɓangaren Faransa. Saboda haka duk mai son sanin tarihin Katsina cikakke, dole sai ya dubi ɓangarorin nan biyu.

To me ke akwai a ɓangarenmu? Da farko akwai hasumiyar Gobarau a tsakiyar birnin Katsina, ginin ƙasa mai tsawon kusan mita 15, wadda ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15. Sai kuma gidan tarihi na ƙasa, wanda ke cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina. An kafa kwalejin a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922. A ajujuwan nan na ƙasa da azara Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. A 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, daga baya ta koma Zariya ta zama Kwalejin Barewa. Kun ga ke nan shi kansa ginin abin kallo ne, tun kafin a kai ga kayan da ke cikinsa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina kuwa shi ne Durɓi Takusheyi, a ƙasar Mani, kimanin kilomita 32 gabas da Katsina. Wasu tuddai ne da aka binne sarakunan farko na ƙasar Katsina, tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Baturen mulki Palmer ya fara haƙa wurin a 1907, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A 1992 aka sake haƙa wasu uku tare da masana daga Jamus. A 2007 aka kai abin da aka samu birnin Mainz na Jamus domin a tsabtace a kuma yi nazari, aka dawo da su Nijeriya a 2014. Kun san abin da aka tarar? 'Yan kunne da zobe na zinariya, duwatsun wuya, awarwaro, wuri, ragowar tufafi, da wata tasa da masana suka ce daga ƙasashen Gabas ta Tsakiya ta zo. 'Yan uwa, ku sake jin jerin nan. Ai irin kayan da muke ajiyewa ne a akwati. Da wuri da tasa ɗaya aka tabbatar cewa shekaru ɗari biyar da suka wuce Katsina tana ciniki da ƙasashe masu nisa ta hanyar Sahara.

Idan muka tsallaka Nijar, babban gidan tarihinsu yana Yamai. An buɗe shi a 1959, daga baya aka sa masa sunan marubucin nan kuma ɗan siyasa Boubou Hama, wanda ya tsaya tsayin daka wajen kafa shi. Ɗakunansa an gina su ne da fasalin ginin Hausa, an shafe su da fari da shuɗi. Akwai ɗakin tufafin ƙabilun ƙasar, akwai ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe da aka tono a hamada, akwai namun daji, akwai kuma rumfunan maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki a gaban idon baƙo. A nan ne kuma aka ajiye bishiyar Tenere, wadda ta daɗe tsaye ita kaɗai a tsakiyar hamada tana zama alama ga ayari, har wani direba ya buge ta a 1973. A Damagaram kuma akwai fadar sarki da gidajen unguwar Birni, masu zanen bango iri-iri.

Kwanakin baya wannan zance ya taso a wani gidan suna da muka je a Katsina. Muna zaune da wata ƙawata malamar firamare, da wata 'yar Maraɗi da ke aure a Jibiya, da wata Hajiya mai fatauci. Malama ta ce ita duk abin da ta gani a Gidan Makama na Kano, babu kamar tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni, don idan ta tsaya gabansu sai ta riƙa tunanin ayarin da suka bi ta cikinsu. 'Yar Maraɗi ta ce, "Malama, ai ba ki ga komai ba sai kin ga bangon gidajen Birni a Damagaram. Magini ya zana dagi a saman ƙofa, ya bi shi da launi, sai ki rantse ɗinkin babbar riga ne."

Hajiya ta yi dariya ta ce, "Ku dai 'yan yawo ne. Ni hotunan da na fi so suna nan Magama, a bayan manyan motoci. Lokacin da aka rufe iyaka a 2019, motocin nan sun yi layi, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kallo. Wannan zaki ya danne barewa, wancan mikiya ta buɗe fukafukai, wani kuma masallaci da dabino. Kowane direba da abin da ke ransa."

Gaskiyar Hajiya. Masu fentin motocin nan masu zane ne na ƙwarai, sai dai ba mai rubuta sunansu, kuma ranar da mota ta mutu, zanen ya bi ta wurin 'yan gwangwan.

Muna cikin haka sai wata tsohuwa da ke gefe tana gyaran goro ta sa baki. Ta ce, "'Ya'yan nan, ni gidan tarihin da na sani shi ne ɗakin uwata." Aka ce, "Gwaggo, yaya ke nan?" Ta ce jeren uwarta tun daga ƙasa har rufi yake, kuma babu ƙwarya ko tasar da ba ta san wanda ya ba ta ba, da shekarar da aka ba ta, ko shekarar fari ce ko ta yunwa ko ta naɗin wani sarki.

Maganar Gwaggo ita ce zuciyar shirinmu na yau, domin jere shi ma yana da tarihinsa. Da can jeren amarya ƙorai ne, waɗanda aka yi wa zane da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi, tare da akussa da faya-fayi masu launi da tabarmi. Masu hali suka ƙara da tasoshin tagulla. A zamanin Turawa kamfanonin ciniki suka shigo da kwanoni masu fenti daga Turai, daga baya daga Hong Kong, har aka zo ana ƙera su a nan gida. Sai aka shiga yayin fanteka da samira da langa da kwalla, ana jera su bisa juna kusa da gado mai rumfa. A gidajen sarauta da na attajirai har manna faranti ake yi a bango da rufin soro don ado. Daga nan aka koma tangaran a cikin kabad, yau kuma ga kuloli da kayan gilashi. Wadda ta san wannan jeri, da ta shiga ɗakin tsohuwa za ta iya ƙiyasta zamanin da aka yi mata aure, da hanyar da kaya ke bi su iso garin. Aikin da masanan Durɓi Takusheyi suka yi ke nan da tasarsu.

To ina kayan nan suke tafiya? Wasu ruwa ke ci. A 1945 ambaliya ta rushe tsohon garin Maraɗi, har sai da aka mayar da gari kan tudu. A watan Yulin 2018 ambaliya ta auka wa Jibiya cikin dare, ta hallaka mutum fiye da arba'in, ta rushe ɗaruruwan gidaje. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Wasu kuma gudun hijira ke ci, domin matsalar 'yan bindiga ta tayar da ƙauyuka da yawa a yankin nan, kuma a 2019 dubban mutane daga Katsina da Zamfara da Sakkwato sun tsallaka jihar Maraɗi neman mafaka. Matar da ta goya ɗa ta riƙe wani a hannu, ba za ta tsaya ɗaukar akushin kakarta ba. Wasu kuwa ɓarayi ke ci. A shekarun 1990 an yi ta tono mutum-mutumin yumɓu a ƙasar Katsina da Sakkwato ana fita da su Turai a ɓoye, har a shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su a jerin kayan da ta gargaɗi duniya kada a saya. Ita ma iyakar takan raba mu da ganin na juna, kamar rufewar 2019 zuwa Disambar 2020, da ta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, wadda aka ɗage a watan Maris na 2024.

Amma hanyar da ta fi cin kayan nan a hankali, ba tare da kowa ya lura ba, ita ce ta cikin gida. Tsohuwa ta rasu, a zo rabon gado, a ce wannan tarkace ne. Mai gwangwan ya zo ƙofar gida da sikelinsa, a auna tasar da ta shekara ɗari a matsayin ƙarfe, a ba da kuɗin da ba zai kai cefanen yini biyu ba. Na san halin da ake ciki, kuma ba na zargin wadda yunwa ta sa ta sayar. Sai dai sau da yawa rashin sanin darajar abin ne ke sa a rabu da shi.

Akwai kuma masu ƙyamar gidan tarihi, suna cewa ai wurin gumaka ne. Wadda ta shiga ta san abin da ya fi yawa a ciki shi ne tufafi da kayan noma da na yaƙi da na girki da rubuce-rubucen malamai. Ba a ajiye su don a bauta musu ba, an ajiye su ne don na baya su san yadda na gaba suka rayu, su ɗauki darasi. Gani ya kori ji.

Saboda haka ga 'yan shawarwari. Na ɗaya, idan akwai tsohuwa a gidanku, ku zauna da ita tun tana da rai, ta faɗa muku sunan kowane abu da inda ya fito. A sa ɗiya 'yar makaranta ta rubuta, a ɗauki hoto da waya, a tura wa dangi na Jibiya da na Maraɗi, don ko abin ya ɓace labarinsa ya tsira. Na biyu, wajen rabon gado a yi shawara da magada, a bar ko da ƙwarya ɗaya da tasa ɗaya a hannun wadda za ta riƙe amana. Na uku, idan maigida ko yara suka tono wani tsohon abu a gona, kada a miƙa wa dillali. A kai wa mai gari ko hakimi, su sanar da hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, domin doka ta hana fitar da irin waɗannan kaya daga ƙasa ba da izini ba. Na huɗu, idan hutu ya zo, a nemi izinin maigida a kai yara su ga Gobarau da tsohuwar kwaleji, ko rijiyar Kusugu a Daura. Malamai mata, wannan aiki har da ku.

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Ku rubuto mana ku faɗa mana abin da ya fi tsufa a ɗakinku, da wadda ta bar muku shi, za mu karanta a fili na gaba in Allah ya yarda.