Gidaje da filaye a Masarautar Gumel: Abubuwan da ke tafiyar da farashi

Masarautar Gumel, ɗaya daga cikin masarautu 5 na Jihar Jigawa, ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen yankin sun kusa rabin miliyan: Maigatari kusan 180,000, Sule Tankarkar kimanin 130,000, Gumel sama da 100,000, Gagarawa kuma kimanin 80,000. Hausawa da Fulani da Mangawa ne mafi yawa, kuma akasarinsu manoma ne da makiyaya da ke zaune a gidajen gado. Shi ya sa cinikin gida da haya ya fi tattaruwa a hedikwatocin ƙananan hukumomin.

A garin Gumel, ma'aikata ne ginshiƙin haya. Tun da aka ƙirƙiri jihar a ranar 27 ga Agusta, 1991, ofisoshin gwamnati da asibiti da Kwalejin Ilimi ta Gumel ke janyo malamai da ɗalibai da ma'aikatan lafiya masu neman ɗaki ko ƙaramin gida.

A Maigatari kuwa, kan iyaka ce ke juya al'amura. Kasuwar dabbobi ta ƙasa da ƙasa da ke ci ranar Alhamis tana tara fatake daga Nijar da kudancin Najeriya, kuma su ne ke sa shaguna da rumbuna da masaukai daraja. An rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Duk wanda ya gina shago don haya a garin, ribarsa na rataye ne da buɗewar wannan hanya.

A Gagarawa da Sule Tankarkar, maganar gona ta fi ta gida ƙarfi. Taƙaddamar da aka yi a Gagarawa kan dubban hekta da gwamnatin jiha ta ware wa kamfanin Lee Group domin noman rake ta nuna yadda batun diyya ke shafar darajar ƙasa.

Babban abin da ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi shi ne kuɗin gini. Bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar Naira a 2023, buhun siminti ya kai N10,000 a wurare da dama a farkon 2024. Mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024 bai wuce kuɗin buhu 7 ba a wannan farashi. Don haka mutane da yawa ke sayen fili tukuna, su riƙa gini kaɗan-kaɗan tsawon shekaru, wasu kuma su yi ginin ƙasa su shafe da siminti.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, ta bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara. Takardar cinikin da mai unguwa ko dagaci ya shaida tana da amfani, amma banki ba ya karɓar ta a matsayin jingina. Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana iya neman rance daga Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, sai dai ana buƙatar ingantacciyar takardar mallaka. Mai sayen gidan gado kuma ya tabbatar an raba gādon, kuma dukkan magada sun amince, kafin ya biya ko kwabo.