Gyaran da Ba a Lissafa Ba: Tarihin Farar Wuta a Gonar Shinkafa

Farar wuta, wadda malaman ɗibbu na dā suke kira kibiritu, an daɗe da saninta wajen haɗa albarushi da maganin ƙazuwa. Amma cewa shinkafa tana cinta kamar yadda take cin sauran ma'adinan ƙasa, wannan mas'ala ce da ba ta bayyana ga manoman Asiya ba sai bayan sun sha wahala iri biyu, ɗaya ta yawanta, ɗaya ta rashinta.

Saiwar shinkafa ba ta tsotsar farar wuta sai ta zama gishirin salfet narkakke, da shi kuwa shuka take gina furotin, har kowane tan na hatsi yakan ci kimanin kilo 2. A farkon ƙarni na 20, takin zamanin da ya game duniya shi ne Salfa, mai kashi 24 cikin 100 na farar wuta, da Supa, mai kimanin kashi 12. Manomi yana biyan kuɗin naitirojin da fosfaros, alhali ana zuba masa farar wuta a matsayin gyara, irin wanda mai awo ke ƙarawa a bakin mudu ba tare da an sa shi cikin ciniki ba.

A Japan aka fara ganin illar wannan gyara. Idan ruwa ya daɗe kwance a fadama har iska ta yanke, ƙwayoyin halitta na cikin taɓo sukan juya salfet ya koma wani gas mai warin baragurbi. Inda ƙasa take da wadatar ƙarfe, sai ƙarfen ya ɗaure shi ya kashe dafinsa, amma a tsofaffin gonaki masu yashi, waɗanda ruwa ya riga ya wanke ƙarfensu, sai saiwa ta yi baƙi ta ruɓe, shinkafar da ta tashi da ƙarfinta ta karye daidai lokacin fitar da kai. Mutanen Japan suka sa wa cutar suna akiyoci, wato faɗuwar kaka, suka yi maganinta da ɗauko jar ƙasa daga tudu da kuma ƙaurace wa taki mai salfet.

Wahala ta biyu ta fi yaɗuwa. Tun 1945 wani masani mai suna Aiyar ya ba da bayanin shinkafar da ta ɗashe a ƙasar Bama ta Asiya saboda ƙarancin salfet, amma al'amarin bai ƙasaita ba sai bayan da cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta fitar da irin IR8 a 1966. Sabon iri mai ci ne ainun, ana noma sau biyu ko uku a shekara, ana kwashe tattaka ko a ƙone ta, ga shi Yuriya, mai kashi 46 na naitirojin ba ko ɗigon farar wuta, ta ture Salfa daga kasuwa saboda sauƙin dakonta. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: cikin shekarun 1970 gonakin Sulawesi ta Kudu a Indunusiya da na Bangaladash suka soma rawaya, manoma suna ta ƙara Yuriya bisa zaton yunwar naitirojin ce, ba su ga biyan bukata ba, sai da aka watsa jibsam, mai ɗauke da farar wuta, sannan ganye ya dawo hayyacinsa.

Mu ma muna da rabonmu cikin wannan darasi, domin a farkon shekarun 1950 masu bincike a Arewacin Nijeriya sun tabbatar cewa albarkar da Supa ke yi wa gyaɗa, wani sashinta daga farar wutar cikinsa yake. Saboda haka manomin Kura ko na Argungu, idan ya ga shinkafarsa ta ɗashe, ya kamata ya sunkuya ya duba kafin ya kwance bakin buhu: in tsohon ganye na ƙasa ne ya fara rawaya, naitirojin take nema, in kuwa sabon ganye na sama ne, to, gyaran nan ne take tambaya.