Daga waken Kalaba zuwa maganin ɗigawa

Mutumin Auyo da likita ya rubuta wa maganin ɗigawa saboda hawan jinin ido, wato gilakoma, da wuya ya san cewa kakan wannan magani daga ƙasarmu ya fito. A yankin Kalaba akwai wani wake mai dafi da kabilar Efik ke kira esere. A da, wanda aka zarga da maita shi ake tilasta wa ya sha, in ya amayar ya kuɓuta. 'Yan mishan suka kai waken Sikotilan, likitoci suka lura yana tsuke baƙin tsakiyar ido. A 1876 Ludwig Laqueur, likitan ido Bajamushe wanda shi ma ciwon bai ƙyale shi ba, ya nuna cewa sinadarin waken yana sauke matsin cikin ido.

Shekara guda bayan haka pilocarpine ya shigo, ya kuma riƙe kambu kusan ƙarni guda, duk da cewa sau huɗu ake ɗiga shi a yini, ga ciwon kai, ga dushewar gani da dare. Timolol ya zo a 1978, latanoprost a 1996, wanda ɗigo ɗaya da dare ya wadatar.

Sai dai matsalar da ta dami likitocin farko tana nan. Abin da ke ratsawa cikin ido daga ɗigo ɗaya bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Saura hawaye ne ke wanke shi, ko ya gangara ta hanci ya shiga jini. Mai ciwon sukari ya kula da wannan, domin timolol idan ya shiga jini yakan ɓoye bugun zuciyar da ke gargaɗin cewa sukari ya faɗi, kuma haɗari ne ga mai asma. Shi ya sa ake cewa a rufe ido, a danne gefensa na wajen hanci minti biyu.

Sukarin kansa yana lalata ƙananan hanyoyin jini na bayan ido. Idan jini ya gaza, ido yakan tsiro da sababbin jijiyoyi marasa ƙwari, su toshe magudanar ruwansa, matsi ya hau. Irin wannan gilakoma ɗigawa kaɗai ba ta cika isarta ba, sai an haɗa da allura cikin ido ko hasken leza.

A Arewa, asibitin ido na ECWA da ke Kano yana aiki tun 1943. Amma binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kusan mutum 5 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama suna da gilakoma, kuma mafi yawansu ba su sani ba, saboda takan ci gani ta gefe ba tare da zafi ba. Ganin da ta ci ba ya dawowa.

Ga kuma bazarar ƙasar Haɗeja, wadda kan haura digiri 40. Latanoprost ba ya jure irin wannan zafi. Inda babu firji, a ƙulle kwalbar cikin leda mai tsabta, a ajiye ta a gindin randa.